Jirgin ruwa cikin ƙasar ƙanƙara: yadda ake fara tafiyar, da abin da ya shafe mu a bakin Gulbi

Tun da wani ɗan garin nan mazaunin Amurka ya turo hoton bidiyo ta WhatsApp, inda aka ga ɗan ƙaramin jirgin ruwa gaban wani farin bango mai tsawo, ake ta tambayarmu: dutse ne ko gishiri? To, ƙanƙara ce.

A ƙasashen sanyi, dusar ƙanƙara na zuba bisa duwatsu shekara da shekaru ba ta narkewa duka. Ta sama tana danne ta ƙasa har ta daskare, nauyi ya sa ta riƙa gangarowa sannu a hankali cikin kwari. Mu ce gulbi ne, amma na ƙanƙara. Inda ya iske teku sai gaɓarsa ta riƙa ɓallewa tana faɗawa ruwa da ƙara kamar tsawa. Wannan ne masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani.

Wurin da ya fi suna shi ne Glacier Bay, a jahar Alaska ta Amurka. A 1794, da baturen Ingila George Vancouver ya bi ta wurin, ƙanƙara ta cike mashigin kusan duka. Yau ta ja da baya fiye da kilomita 100, jirage na yawo inda take a da. Hukuma ba ta barin manyan jirage fiye da 2 su shiga a rana guda.

Lokacin tafiyar daga watan Mayu ne zuwa Satumba, kusan daidai da daminarmu. Da yawa kan tashi daga Juno, babban birnin Alaska, garin da babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasa: ko ta sama, ko ta ruwa. Babban jirgi na kwasar mutum dubbai, ƙaramin kuwa galibi bai wuce 100 ba, shi ya sa yake iya kutsawa lungunan da babba ba ya shiga. Tafiyar kan ɗauki kamar mako guda.

Amma ga abin da ya fi jan hankalinmu. Kafin a ga ƙanƙara ko ɗaya, sai an tara fasinjoji, an ƙidaya su, an nuna wa kowa rigar hana nutsewa da yadda ake ɗaura ta, da inda zai tsaya in haɗari ya taso. Mai kuɗi da marar kuɗi, babu wanda ake ɗauke wa. An ƙara tsaurara wannan doka ga jiragen ƙasa da ƙasa bayan hatsarin Costa Concordia a Italiya, cikin Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ko an kai gaban bangon ma, matuƙi ba ya matsawa kusa, don in gaɓa ta ɓalle igiyar ruwan na iya kifar da kwale-kwale.

To, mu ba mu da ƙanƙara sai wadda hadari kan jefo bisa gero. Amma muna da Gulbin Maradi, mai fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa, Maradi da Tibiri, ya bi ta gundumarmu ta Gidan Rumji kafin ya koma Najeriya. Da rani rairayi ne, yara na wasa ciki. Cikin Agusta kuwa, in an yi ruwa can sama, yana iya cika ko da nan ɗigo bai sauka ba. Kuma gona na wancan ƙetare, kasuwa na ci, kowa na sauri.

Shi ya sa muke cewa a ari tsarin waɗancan mutane. Mai fito ya san adadin da jirginsa ke ɗauka, ya tsaya a kai. Kada a haɗa mutane da buhuna da bisashe a sawu ɗaya. Kada a ƙetare bayan magariba, ko lokacin da ruwa ke tahowa da itace da kumfa. Yara su zauna tsakiya, kowa ya zauna, ban da tsayuwa.

Ku kuma ƴan uwa na waje masu tambayar me za ku aiko wa gida bana: rigunan hana nutsewa goma a mashigin ƙauyenku sadaka ce mai gudana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙetarar da mu lafiya.