Ƙwarin da ke noma a cikin itace

Akwai wasu ƙananan ƙwari, yawancinsu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ke huda itace amma ba shi suke ci ba. Ƙwarin ambrosiya ake ce musu, kuma nau'insu ya haura 3,000. Funfuna suke shukawa a bangon ramin da suka haƙa, ita ce cimarsu da ta 'ya'yansu. Theodor Hartig, masanin daji ɗan Jamus, shi ya gane a 1844 cewa farin abin da ke lulluɓe ramukan funfuna ce.

Iri kuwa a jiki ake yawo da shi. Macen tana da 'yan aljihuna da take ajiye shi: ta dangin Xyleborus a gefen baki, ta Xylosandrus a gadon baya. Helene Francke-Grosmann ce ta bayyana aljihunan a 1956.

Sanin wace funfuna ce a aljihun wa, nan aikin yake. Sai a wanke ƙwaron, a tsaga aljihun, a shafa abin ciki a faranti, a jira ya tsiro. Sau da yawa baƙuwar funfuna mai saurin girma ce ke mamaye farantin, a ɗauka ita ce ta gida. Dabara ɗaya: a zuba sinadarin cycloheximide. Funfunar dangin Raffaelea na jure shi, ta Ambrosiella ba ta iyawa. Yau gwajin DNA ne ke raba gardama, don a ido duk kusan kamarsu ɗaya.

Ƙamshin barasa na jan ƙwarin, domin itacen da ya galabaita yana fitar da ita. Da ita ake ɗana musu tarko.

A dangin Xyleborus namiji ba ya tashi sama; tun a rami yake barbarar 'yan'uwansa mata. Mace ɗaya tak, in ta shiga katakon kaya, ta isa ta kafa zuriya a wata nahiya.

Kada a ce binciken ƙwarin nan wahalar banza ce ta masana. A 2002 aka kama Xyleborus glabratus, ɗan Asiya, kusa da tashar jiragen ruwa ta Savannah a Amurka. Funfunar aljihunsa ta kashe ɗaruruwan miliyoyin itatuwa, ta kuma faɗa wa gonakin fiya a Florida. A 2017 aka tarar da wani ƙwaron, ɗauke da funfunar Fusarium, a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu, daga baya aka gano shi a itatuwan titunan Johannesburg.