IN INTANET TA ƊAUKE BAYAN AN KASHE VPN

An shirya wannan 'yar takarda ne domin iyayenmu hakimai, da malaman da ke riƙe musu ofis a ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Dalili kuwa shi ne wani kuka da ya yawaita. Malami ya kan kunna abin nan da a ke kira VPN a kwamfutar ofis, ya gama bukatarsa ya kashe, daga nan sai intanet ta ɗauke ƙaf. Alama tana nuna an jona, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Rahoton da ya kamata ya isa birni ran nan sai ya kwana, gari na wayewa malami ya saɓi kwamfuta ya nemi mota a Kwanar Dangora, sai Kano wurin mai gyara. Abin da ya fi muni, wani mai gyaran ba ya tsayawa bincike, sai ya share kwamfutar ɗungum ya zuba mata sabon Windows. Takardun sulhun iyakar gona, da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, duk su salwanta. Alhali kuwa galibi ba abin da ya lalace. Aiki ne na minti goma, a zaune.

MENE NE VPN?

Jama'ar ƙasar nan da yawa ba su san shi ba sai a 2021. Ran 4 ga watan Yuni na shekarar nan Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter, wanda yanzu a ke kira X, ba a kuwa ɗage ba sai ran 13 ga Janairu 2022. A cikin watannin nan bakwai mutane suka yi ta sa VPN a wayoyi da kwamfutoci. Dalilin ya wuce tuni, amma manhajar tana nan kwance a kwamfutoci da dama.

Malaman ofis sun san sha'anin wasiƙa, saboda haka mu kwatanta da ita. A ce kana so ka rubuta wa wani, amma ba ka so gidan waya ya san wanda ka rubuta wa. Sai ka sa wasiƙar cikin ambulan, ka sāke sa ta cikin wani ambulan ka liƙe, ka aika wa wani amininka a Ingila. Shi ne zai ɓare na waje, ya miƙa na ciki, ya karɓo amsa ya dawo maka da ita a liƙe. To, aikin VPN ke nan. Kamfanin layinka, ko MTN ne ko Airtel ko Glo, yana ganin kaya na wucewa, amma bai san abin da ke ciki ba. Wanda aka aika wa kuma yana tsammani daga Ingila saƙon ya fito. Shi ya sa wani lokaci banki ya kan ƙi buɗe wa mutum asusunsa in VPN na kunne, don ya ga baƙo ne daga wata ƙasa.

Kafin VPN ya iya wannan aiki sai ya taɓa tsarin kwamfutar. In an rufe shi da kyau, ya kan mai da kome yadda ya tarar. Amma in wuta ta ɗauke yana cikin aiki, ko batir ya mutu, ko an tumɓuke manhajar da gaggawa, sai ya tafi ya bar gida a hargitse.

A FARA DUBA HANYA TUKUNA

Kada a taɓa kome a kwamfuta sai an tabbata laifinta ne. A ɗauki wayar da a ke jona kwamfutar da ita, a gwada buɗe wani shafi a kanta. In ita ma ta ƙi, to, ba ruwan VPN. A danna *323# a ga ko data ta ƙare. Wannan lamba ɗaya ce a kan dukan layuka tun 2023. A tabbata kuma ba a rufe layin ba saboda rashin haɗa shi da lambar NIN. Wanda ke wajen Riruwai ko gefen dajin Falgore ya san sabis ya kan zo ya kan tafi, ba sai an gaya masa ba.

Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin kamfani. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala, har da Nijeriya. A watan Satumba 2021 kuma an rufe sadarwar waya a Jihar Zamfara da waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina saboda tsaro. A irin wannan hali VPN ba ya tsinana kome, gama shi ma a kan hanyar ya ke tafiya. In gada ta karye, da mai ambulan ɗaya da mai biyu duk tsayawa za su yi.

In kuwa waya na buɗewa, kwamfuta ce kaɗai ta ƙi, sai a kashe ta ɗungum a sāke kunnawa. Kada a rena wannan. Sau da yawa a nan maganar ta kan ƙare.

MAI GADIN DA YA TAFI DA MABUƊI

Yawancin manhajojin VPN suna da wani abu da a ke rubutawa Kill switch. Aikinsa shi ne, da zarar VPN ya yanke sai ya datse intanet duka, don kada saƙo ya fita ba a liƙe ba. Da gangan aka yi shi haka, kamar mai gadin da aka ce masa kada ya bar kowa ya fita sai da rakiya. A ganinmu wannan shi ne abin da ya kamata a fara zargi, domin malami ya kan rufe tagar manhajar yana tsammani ya kashe ta, alhali tana nan a ɓoye can ƙasan allo, kusa da agogo. Sai a buɗe ta, a shiga wurin saitinta, a kashe Kill switch, sa'an nan a danna Disconnect, a fita daga cikinta sosai. In an riga an cire manhajar kafin a kashe shi, to, mai gadi ya tafi da mabuɗi. Magani shi ne a sāke sa manhajar nan dai, ko da a wata kwamfuta za a sauko da ita a kawo a filashi, a kashe abin, kāna a cire ta bisa ƙa'ida.

Na biyu shi ne ɗan aike, wanda a ke rubutawa Proxy. Waɗansu VPN, musamman na kyauta, su kan umurci kwamfuta ta riƙa miƙa kowane saƙo ta hannun wani wakili. Wakilin ya tafi, ita kuwa tana ta miƙa wa bango. A shiga Settings, sai Network & Internet, sai Proxy. In an ga Use a proxy server a kunne, a kashe.

LITTAFIN SUNAYE

Na uku ya ɗan fi wuyar ganewa. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi wani ma'aji da a ke kira DNS, shi kuwa ya ba ta lambar, kamar yadda baƙo ke tambayar mai unguwa gidan wane. VPN ya kan kawo nasa mai unguwar. In ya tafi bai mai da na asali ba, kwamfuta sai ta rasa wanda za ta tambaya.

Akwai gwaji mai sauƙi. A rubuta cmd a wurin nema, a danna masa maɓallin dama na linzami, a zaɓi Run as administrator. Baƙin allo zai fito. Kada a firgita. A rubuta ping 8.8.8.8 a danna Enter. Wannan lambar wani ma'aji ne na kamfanin Google. In amsa ta dawo, hanya a buɗe ta ke, sunaye ne suka ɓace. Sai a rubuta ncpa.cpl, a danna wa hanyar da a ke amfani da ita maɓallin dama, a shiga Properties, a buɗe Internet Protocol Version 4, a zaɓi Obtain DNS server address automatically. Bayan haka a koma baƙin allon a rubuta ipconfig /flushdns, don a goge tsofaffin adireshin da ta haddace.

In har yanzu shiru, a rubuta netsh winsock reset, sa'an nan netsh int ip reset, a kashe kwamfuta a kunna. A lura da rubutun ƙwarai, harafi ɗaya in ya kauce ba za ta karɓa ba. A ɗan duba agogonta ma. Tsohuwar kwamfuta ta kan mance kwanan wata, shafuka masu tsaro kuwa ba su yarda da wanda ke zaune a shekarar da ta wuce.

Abu na ƙarshe shi ne Network reset, yana nan a Windows 10 da 11 ƙarƙashin Network & Internet. Yana mai da dukan tsarin sadarwa yadda ya fito daga kamfani, ba ya kuwa taɓa takardu. Sai dai zai mance kalmar sirrin Wi-Fi, don haka a rubuta ta a takarda tun da wuri. Kwamfutar za ta kashe kanta ta tashi bayan minti biyar.

ROƘO GA HAKIMAI

Ranku ya daɗe, ba mu ce VPN mugun abu ba ne. Ma'aikatu da bankuna suna amfani da nasu don tsare sirrin aiki, kuma in hukuma ce ta sa shi a kwamfuta, kada malami ya cire sai ya tambayi wanda ya sa. Abin da mu ke tsoro shi ne na kyauta wanda ba a san mai shi ba. Ku tuna da aminin nan na Ingila: duk wasiƙar ofis ta hannunsa za ta bi. Kwamfutar da ke ɗauke da asirin talakawa ba ta dace da wannan ba, yana da kyau hakimi ya hana yara da baƙi sa mata abin da suka ga dama.

In an gwada duk abin da aka ambata bai yi ba, to, a kai wa mai gyara, amma a kwafe takardun ofis a filashi tukuna, a kuma gaya masa a gaban shaida kada ya share kome sai da izini. In laifin na kamfanin layi ne, a kira 300. In ba su share hawaye ba, a kira Hukumar Sadarwa ta Nijeriya a 622, kiran kyauta ne, a riƙe lambar ƙarar da kamfanin ya bayar, don za a tambaya.