Haya ko saye: lasisin manhajar adana lambobin abokan hulɗa

A watan Satumba na shekarar 2021, gwamnatin jihar Sakkwato ta ba da sanarwar toshe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Sabon Birni da Isa, domin daƙile 'yan bindiga. Ƙauyuka irin su Burkusuma da ke kusa da iyakar Nijar sun shafe makonni babu waya, babu intanet.

Matakin dai ya fito da wata tambaya da ma'aikatan ofis ba su cika yi ba: shin jerin sunaye da lambobin mutanen da suke hulɗa da su yana cikin kwamfutarsu ne, ko kuwa yana hannun wani kamfani a ƙetare?

Amsar tana cikin irin lasisin da aka amince da shi ranar da aka ɗora manhajar.

Manhajar da ake magana a kai wani ƙari ne da ake haɗawa da manhajar wasiƙun imel, kamar Outlook ta kamfanin Microsoft na Amurka. Aikinta shi ne tara sunan kowane abokin hulɗa da lambarsa, da wasiƙun da aka yi musaya da shi, da ranar da aka yi alkawarin sake tuntuɓarsa. Dillalin hatsi, ko ƙungiyar agaji mai raba kayan abinci, ko sakataren ƙungiyar manoma, duk suna iya amfana da ita.

Daga saye zuwa haya

A shekarar 2003 ne Microsoft ya fito da irin wannan ƙari mai suna Business Contact Manager, wanda ke zuwa tare da wasu nau'o'in Office. Mutum yakan biya kuɗi sau ɗaya, kuma bayanan suna zama ne a cikin kwamfutarsa. Ko da layi ya ɗauke, aiki ba ya tsayawa.

Fitowa ta ƙarshe ita ce wadda ta zo da Outlook 2013. A 2016 kamfanin ya kawo Outlook Customer Manager ga masu biyan kuɗin wata-wata, sannan ya rufe ta a watan Yunin 2020. Waɗanda suka dogara da ita sai da suka kwashe bayanansu suka nemi wani wuri.

Yanzu akasarin irin waɗannan manhajoji haya ake yi, kuma ana biya ne a kan kowane ma'aikaci, ba a kan ofis gaba ɗaya ba. Ofishi mai mutum biyar zai biya kuɗin lasisi biyar.

Har ila yau, sabuwar Outlook ta Windows ba ta karɓar tsofaffin ƙarin da ake girkawa a cikin kwamfuta. Waɗanda take karɓa suna aiki ne ta intanet.

A nan ne abin ya shafi ƙasar Gobir kai tsaye. Manhajojin Microsoft 365 suna bukatar a haɗa su da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kimanin kwanaki 30, domin tabbatar da cewa lasisin yana nan. Idan wa'adin ya wuce, mutum zai iya buɗe takardunsa ya karanta ko ya buga su, amma ba zai iya gyarawa ko rubuta sabuwa ba. A maƙwabciyar jihar Zamfara, toshe layukan da aka fara a farkon Satumban 2021 ya kai har ƙarshen Nuwamba a wurare da dama.

Gwaji na kyauta

Kamfanoni sukan ba da damar gwada manhaja kyauta, galibi na makonni biyu ko wata guda. Sai dai da yawa daga cikinsu suna neman lambar katin banki tun farko, kuma da zarar wa'adin ya cika sai su fara cire kuɗi da kansu, sai fa idan mutum ya soke rajistar kafin ranar.

Farashin kuma sau da yawa da dala ake ƙiyasta shi. Tun bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kuɗin hayar da ofis ya tsara a kasafinsa ya ninka fiye da sau uku, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba.

Abin da ya fi dacewa a gwada cikin wannan wa'adi shi ne hanyar fita. A shigar da sunaye kaɗan, a fitar da su a matsayin fayil na CSV ko vCard, a buɗe a wata manhajar a ga ko sun fito daidai, musamman sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda sukan rikiɗe su koma wasu alamomi. Sannan a kashe intanet a ga abin da ya rage yana aiki.

Wasu kan kauce wa wannan duka ta hanyar ɗora kofin sata da ake samu a shagunan gyaran kwamfuta. Baya ga saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, irin wannan kofi yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta mai kwashe bayanai.

A yankin da ake sace mutane don neman kuɗin fansa, jerin sunayen 'yan kasuwa da lambobinsu da ƙauyukansu ba ƙaramin abu ba ne. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsaron irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a tura su zuwa wata ƙasa.

Ga ofishin da ya fi son biya sau ɗaya, akwai Office 2024 da aka fitar a watan Oktoban 2024. Su kuwa Office 2016 da Office 2019, Microsoft ya daina aika musu gyare-gyaren tsaro tun ranar 14 ga Oktoban 2025.