Adaftar Gusarwa da Karkatarwa: Yadda Ake Tsayar da Gini Sak a Cikin Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dogon gini da kyamara a hannunsa, ya ɗaga bakinta sama domin ya haɗa har da ƙololuwa, ya san abin takaicin da ke fitowa: bangon da magina suka tsayar sak da igiyar awo sai ya fito yana tsukewa ta sama, ginin ya zama kamar ya jingina baya zai kife, alhali kuwa idon wanda ya tsaya a wurin bai ga haka ba. Galibin mutane suna ɗora laifin a kan kyamara, ko a kan rashin gwanintar mai ɗauka, amma haƙiƙanin al'amari shi ne wata ƙa'ida ce ta haske wadda ba ta saɓawa, wadda kuma masu hikima suka daɗe da gano maganinta. Abin da ya sabunta a zamaninmu shi ne, maganin nan da a dā sai mai hannu da shuni ke iya mallakarsa, yanzu ya sauko cikin wani ɗan zoben ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da gilashinta, ana ce masa adafta.

Asalin mas'alar yana komawa ga abin da Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir, cewa haske a miƙe yake tafiya, har ya nuna da jarrabawa yadda hasken kyandirori ke ratsa ƙaramar kafa ya sauka a bangon ɗaki mai duhu, kowane a daura da mai shi. Kyamara ɗaki mai duhu ce ƙarama, gilashinta shi ne kafar, bangon da sura ke sauka a kansa kuwa shi ne ɗan allon nan mai karɓar haske da ake kira sansa. Muddin sansa tana tsaye daidai da tsayuwar gini, to, layukan ginin za su fito a miƙe. Amma da zarar an ɗaga bakin kyamara, sansa ta kwanta baya, sai layukan su fara neman haɗuwa ta sama. Illar ta fi tsanani ga gilashi mai faɗin gani, domin shi ake ɗauka idan wuri ya ƙuntata, kuma gwargwadon kusancin mutum da gini, gwargwadon yadda dole ya ɗaga kai.

Manyan kyamarorin dā, irin waɗanda mai ɗauka ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ba su da wannan damuwa, saboda jakar fata mai naɗewa ce ta haɗa gabansu da bayansu, kowane ɓangare yana motsi shi kaɗai. Motsin iri biyu ne. Na farko gusarwa, wato a bar kyamara a tsaye daram, a zame gilashi sama ko ƙasa ko gefe, sai ƙololuwar gini ta shigo ba tare da an ɗaga kai ba. Na biyu karkatarwa, wato a sunkuyar da gilashi kaɗan, sai wurin da hoto ke fitowa tangaran ya kwanta ya bi shimfiɗar ƙasa, tun daga tsakuwar da ke gaban ƙafa har zuwa dutsen da ke nesa. Ƙa'idar wannan na biyun tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya wanda ya yi mata rajista a Ingila a 1904, ko da yake Bafaranshe Jules Carpentier ya riga shi ambatonta a 1901. Da ƙananan kyamarori suka zo da jiki ƙame, sai motsin ya ɓace, har sai da kamfanin Nikon ya fitar da gilashi mai gusawa na milimita 35 a farkon shekarun 1960, Canon kuma ya fitar da mai gusawa da karkata duka a 1973. Zuriyarsu tana nan, kamar na Canon mai milimita 17 na 2009 da na Nikon mai milimita 19 na 2016, sai dai kuɗin ɗaya daga cikinsu yakan kai kuɗin kyamara mai kyau, ko ma ya zarce.

Ƙofar sauƙi ta buɗe ne ta inda ba a zata ba. Kyamarorin da aka saba da su a dā suna da madubi a ciki, mai tura sura zuwa maleƙa, kuma saboda a ba madubin nan wurin tashi da sauka, ya zama lalura a nesanta gilashi daga sansa: tazarar milimita 44 ce a tsarin EF na Canon, 46.5 a tsarin F na Nikon. Da Panasonic ya fitar da kyamara marar madubi a 2008, sauran kamfanoni suka bi sahu, sai tazarar ta ragu ƙwarai, ta koma milimita 18 a tsarin E na Sony, 17.7 a tsarin X na Fujifilm, 16 a tsarin Z na Nikon. Wanda ya so ɗora tsohon gilashin Nikon a kan Sony, wajibi ne ya cike gurbin milimita 28.5 da ya rage, in ba haka ba hoto ba zai saitu ba. Kuma a cikin wannan gurbi ne kamfanoni irin su Kipon na Sin, da Fotodiox na Amurka, da Mirex na Jamus suka dasa ƙarafa masu zamewa da masu sunkuyawa, galibinsu suna gusawa milimita 10 zuwa 15, suna karkata digiri 8 zuwa 12. Daga nan mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa gilashin da aka ƙera tun asali domin marar madubi ba ya shiga wannan babi, domin bai bar gurbin da adafta za ta zauna ba.

To, a nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari, domin nan ne ruhin al'amarin yake, nan ne kuma mafi yawan masu saye ke yin hasarar kuɗinsu. Kowane gilashi da'ira yake jefawa ta haske, sansa kuwa mai kusurwa huɗu ce tana zaune a tsakiyar da'irar, tamkar katin gayyata da aka ajiye a tsakiyar faifai: idan faifan ya fi katin faɗi sosai, ana iya zame katin nan da can bai faɗo ba, idan kuwa daidai suke, motsi kaɗan sai kusurwa ta leƙa waje. Adafta ba ta ƙara wa da'ira ko da ƙwayar zarra. Rarar da gilashi ya zo da ita kaɗai take sarrafawa. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne gilashin ya kasance an yi shi ne domin sansa ko fim da ya fi naka girma.

Ga lissafin a taƙaice. Cikakkiyar sansa, mai milimita 36 a faɗi da 24 a tsaye, tana bukatar da'ira mai faɗin milimita 43 da 'yan kai, kuma gilasan da aka yi mata ba su cika wuce haka da yawa ba. Matsakaiciyar sansa da ake kira APS-C kuwa wajen milimita 23.5 ce da 15.6. Idan aka ɗora gilashin cikakkiya a kan matsakaiciya, hisabi ya nuna akwai rarar da za a gusa wajen milimita 10 sama, ko wajen 8 gefe, kuma wannan ya wadatar ga yawancin gine-gine. Mai cikakkiyar sansa shi kuma sai ya nemi gilasan manyan kyamarorin fim, irin Mamiya 645 da Pentax 645, waɗanda da'irarsu ta kai wajen milimita 70. Amma wanda ya ɗora gilashin cikakkiya a kan cikakkiya ya gusa, to, baƙin duhu ne zai tarye shi a kusurwa.

Sai dai kowace ni'ima tana da abin da aka bayar a madadinta, kuma abin da aka bayar a nan shi ne faɗin gani, wato ainihin abin da aka fito nema. Matsakaiciyar sansa tsakiyar sura kaɗai take ɗauka, don haka gilashi mai milimita 20 a kanta yana gani ne kamar mai 30 a kan cikakkiya, mai 14 kuma kamar mai 21. A ɓangaren manyan kyamarorin fim kuwa, mafi faɗin da aka saba samu a tsofaffin gilasan 645 shi ne mai milimita 35, wanda ya yi kyau ga gini daga tsallaken fili, amma ya yi kaɗan ga ƙunƙuntar ɗaki ko lungu. Akwai dabarar mayar da abin da aka rasa: a ɗauki hoto uku, ɗaya a tsakiya, ɗaya an gusa hagu, ɗaya dama, a haɗe su a kwamfuta. Mafi inganci shi ne a kafe adaftar kanta a kan maɗauki mai ƙafa uku, gilashi ya tsaya cik, jikin kyamara ya yi ta zamewa a bayansa, domin ta haka ne na kusa da na nesa ba za su saɓa wa juna a wurin haɗi ba.

Game da karkatarwa, akwai abin da ke ba sabon shiga mamaki, shi ne gilashi mai faɗin gani kaɗan ƙwarai yake bukata. Alal misali, mai milimita 24 da ke tsaye mita ɗaya da rabi daga ƙasa, karkatar da ba ta cika digiri ɗaya ba ta isa ta kwantar da saiti a kan dukan shimfiɗar ƙasa. Sai an sauko da kyamara kusa da ƙasa sosai sannan ake bukatar digiri huɗu ko biyar. Wanda ya ga adaftarsa tana kai digiri 10 ya murɗa ta har ƙarshe, zai sami siririn layi tangaran, sauran duk dishi-dishi, irin salon da ke mai da birni kamar kayan wasan yara. Salon yana da masoyansa, amma ga mai neman tahƙiƙi, abin dubawa a adafta shi ne ko tana motsi a hankali, tana da ma'auni bayyananne, tana kuma komawa sifiri ta kulle ba tare da lilo ba.

Sauran illolin ma wajibi ne a faɗe su. Gefen da'ira shi ne mafi rauni a kowane gilashi, can ne haske ke raguwa, sura ta yi laushi, kuma gusarwa can take kai mutum, shi ya sa ake tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11. Gilasan da suka fi faɗi sukan zo da rumfar kare rana a manne, ita kuwa takan leƙo cikin hoto tun kafin da'ira ta ƙare. Waɗansunsu suna lanƙwasa miƙaƙƙen layi kaɗan, aibin da kwamfuta ke gyarawa cikin sauƙi idan gilashi yana tsakiya, amma ya yi wuyar gyara idan an gusa, domin ya daina zama daidai ta kowane gefe. Yawancin adaftocin nan ba su da wayar lantarki, don haka saiti da hannu ake yi, kuma gilashin da ba shi da zoben ƙofar haske a jikinsa yana iya zama matsala babba. Kaurin adafta ma sai ya cika daidai, domin kuskuren da dogon gilashi ke yafewa, gajere ba ya yafe shi. Ƙura kuma, musamman ta hunturu, tana samun hanya ta tsakanin ƙarafa masu zamewa, kuma a lamba 11 ne ɗigonta ke bayyana a sararin sama.

A nan marar madubi ta sake nuna falalarta, domin abin da sansa ke gani shi ne mai ɗauka ke gani a maleƙa. Tertibin aiki shi ne a kafa kyamara, a daidaita ta da ma'aunin da ke cikinta har ta tsaya sak, a saita da hannu ana faɗaɗa sura, sa'an nan a gusa a hankali har ƙololuwa ta shigo, a duba kusurwowi huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin a danna.

Mai tambaya zai ce, ina amfanin wannan wahala tunda kwamfuta tana miƙar da gini? Amsa ita ce, lalle tana yi, kuma idan tsukewar kaɗan ce ta wadatar. Amma tana yi ne ta hanyar jan saman hoto da yanke gefensa, sai inganci ya ragu a inda aka ja, tsawo da faɗi kuma su dogara ga ƙiyasin mai gyara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ginin da ba a miƙe aka yi shi ba tun asali. Hasumiyar Babban Masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma magina da gangan suka tsuke ta ta sama, kamar yadda ginin ƙasa ke bukata domin ya ɗauki nauyin kansa. Idan an ɗauke ta da kyamara a ɗage, wa zai rarrabe tsukewar da magini ya nufa da wadda kyamara ta ƙara? Ginin ƙasa kuwa yana sauyawa da kowace damina da kowane yaɓe, kuma hoton da aka ɗauka yau yana iya zama hujjar da masu gyara za su dogara da ita nan da shekara hamsin. Hoto irin wannan shaida ne, shaida kuwa amana ce.

Hukuncin da nake gani shi ne, wanda abincinsa ya rataya ga ɗaukar cikin ɗakuna da ƙuntatattun wurare, ya daure ya tara kuɗin gilashin da aka ƙera domin gusawa, domin adafta ba za ta ba shi faɗin da yake bukata ba. Amma ɗalibi, da mai sha'awar tarihin gine-gine, da mai hoton da ke da matsakaiciyar sansa da tsohon gilashi mai zobe, adafta ta ishe su, har ma ta fi musu, domin za ta koya musu ƙa'idar da hannunsu. Kafin ɗayansu ya biya, ya ɗora nasa gilashin, ya fuskanci bango mai layuka, ya gusa har ƙarshe ta kowace fuska, ya ga inda duhu ya fara da inda sura ta yi laushi, domin wannan iyakar ita ce haƙiƙanin abin da zai saya, ba lambar da aka rubuta a jikin ƙarfe ba.