Idan An Rufe Iyaka A Jibiya, Tukunyar Gida Ce Ke Fara Ji

A yawancin garuruwanmu labarin siyasa abin hira ne, maza su yi gardama a dandali, kowa ya tashi ya shiga gida ya ci tuwonsa. A Jibiya ba haka abin yake ba. A can, maganar da aka yanke a Abuja ko a Yamai da safe, kafin mako ya zagayo ta iso madafa, uwargida ta gan ta a cikin kwanon awo.

Ga wanda bai san wurin ba, Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi. Shingen iyaka yana Magama, idan aka ƙetare kuma sai Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne tun kafin zuwan Turawa. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina ne suka yi arewa suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkin can Sarkin Katsina. Ingila da Faransa ne suka zo daga baya suka ja layi a tsakani, amma layin bai hana auratayya ba. Gidaje da yawa, miji ɗan Nijeriya ne, mata 'yar Nijar, kakanni kuwa suna ko'ina.

Abinci ma haka yake. Daga Nijar ake shigo da shanu da tumaki da wake da aya, daga nan kuma ake fita da masara da gero da man fetur da kayan masana'antu. A tsakanin wannan kai da kawowa ne direba da ɗan dako da ɗan acaɓa da ɗan canji da mai tuwo-tuwo a tasha suke samun na cefane.

Dattawa ba su manta da shekarar 1984 ba, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu saboda canjin kuɗi. Abin ya haɗu da fari, hatsi ya daina ƙetarawa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan Buhari. Sai a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe.

A watan Agusta na 2019 aka sāke rufewa, aka ce don a hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, watau mutumin Jibiya da bai taɓa yin sumoga ba ya koma sayen mai a galan da tsada. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, amma Jibiya sai da ta jira har Afrilu 2022. A tsakanin nan ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta hana manoma da yawa zuwa gona, ta kuma sa aka katse layukan waya a yankin a 2021.

Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023. Ranar 26 ga Yuli kuma sojoji a ƙarƙashin Janar Abdurrahman Tchiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Manyan motoci suka yi layi da kaya, wasu kayan suka ruɓe. Ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024, kuma a Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar.

To, jama'a, mene ne ma'anar waɗannan ranaku a cikin gida? Maigida da ya saba ba da kuɗin cefane kullum ya koma fita da safe ya dawo hannu rabbana. Uwargida ta rage awo, ta sayar da akuyarta, daga baya ta taɓa kayan ɗaki. Yarinyar da al'ada ta ce ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, idan iyayen suna ƙetare, sai dai a bi da ita ta ɓarauniyar hanya a kan babur. Gaisuwar mutuwa da biki da suna duk sun zama abin lissafi. Mafi ciwo shi ne yaran da suka bar makaranta suka shiga ɗaukar buhu da jarka ta daji, domin rufe babbar hanya ba ya kashe fasa-ƙwauri, sai ma ya ƙara masa riba.

Ba mu ce gwamnati ba ta da ikon tsare iyakarta ba, ko kuwa juyin mulki abin yabo ne. Abin da muke cewa shi ne, hukuncin da aka nufi masu mulki da shi bai kamata ya ƙare a kan jariri da mai jego ba. Duk lokacin da za a ɗauki irin wannan mataki, a bar ƙofa ga abinci da magani da marasa lafiya, a kuma ji ta bakin sarakuna da 'yan kasuwar wurin. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Jibiya. Jirgi kuwa ba shi da amfani idan ƙofa a rufe take.

Ga magidanta kuma, shawararmu ita ce kada a sayar da hatsi duka da kaka don an ga farashi ya yi kyau, a bar na gida a rumbu. A nemi takardun shaida tun kafin buƙata ta taso. A riƙe yara a makaranta ko da wuya. Sannan kada gardamar shugabanni ta sa mu zagi maƙwabcin da gobe shi ne surukinmu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa sai da hanya. Allah ya ba ƙasashen biyu zaman lafiya, amin.