Kafin A Buɗe Cikin Babur, A Dubi Wayar Kuloci

A gidajenmu na wajen Tudun Kaya, tsohon babur yana da aiki da yawa. Shi ke kai mai bishara ƙauyukan da ke tsakanin Karaye da Rogo ran Lahadi, shi ke ɗaukar masara zuwa kasuwa, in kuma naƙuda ta kama mace da tsakar dare, shi ne motar asibiti. Har yanzu akwai 'yan'uwa masu riƙe da Honda CD175, wadda aka daina ƙerawa a 1979, ko Roadmaster da suka gada wurin iyayensu.

Da damina wani ɗan'uwa ya turo nasa har harabar majami'a, ransa a ɓace. Wani bakanike ya ce masa kuloci ya ƙone, sai an buɗe inji, kuɗin da ya yanka masa kuwa ya kai kuɗin makarantar ɗansa. Muka ce ya dakata tukuna, mu taɓa hannun kulocin. Muka ji shi a ɗaure tam, babu wasa ko kaɗan.

Ga yadda abin yake. A cikin inji akwai fayafayai jere cikin mai, sifirin na matse su. In ka ja hannun hagu, waya ta ja wani ɗan ƙarfe a gefen inji, fayafayan su rabu, sai giya ta shiga. Dole hannun ya yi ɗan wasa kafin ka ji nauyi, misalin santimita 1 zuwa 2 a bakinsa, wato kamar kaurin yatsa. In wayar ta ɗaure ƙwarai, fayafayan ba za su haɗu sosai ba. Sai ka ji inji na ta kuka a kan tudu, babur kuwa ba ya gaba. Wanda ya ci gaba da hawa a haka, shi da kansa zai ƙone fayafayan, maganar bakanike ta zama gaskiya. In kuwa wayar ta saki da yawa, giya ta ɗaya za ta shiga da ƙara, babur ya riƙa jan jiki ko ka riƙe kuloci, firi kuma ya yi wuyar samu. Maganin duka biyun yana wurin noti mai zare da ke gindin hannun, da wani a ƙasa kusa da inji. A soma da na ƙasa in gyaran mai yawa ne, a ƙarasa da na sama.

Hannu mai tauri wata cuta ce dabam. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga cikin bututun wayar, tsatsa ta kama. A cire ta sama da ƙasa, a tura da yatsa. In tana tafiya da ƙyar, a ɗaure 'yar leda a bakin bututun kamar mazurari, a zuba mai kaɗan, a rataye ta kwana. Amma in ka ga ko sili ɗaya ya tsinke, kada ka yi mata magani, a sake sabuwa. Yawanci a wuyanta take tsinkewa, kusa da ɗan dunƙulen da ke shiga hannu, domin in wurin ya bushe dunƙulen ba ya juyawa, sai wayar ta yi ta lanƙwasa. Ɗigon giris a nan yana ƙara mata shekara. Mu kan yi addu'a kafin tafiya, haka ya kamata, amma girisin nan aikin hannunmu ne.

In an sa sabuwa, a juya kan babur dama da hagu. In wasan hannun ya sāke, an bi da wayar ta hanyar da ba tata ba, ko kuwa gajera ce. Wayar Boxer ba lalle ta dace da tsohuwar Honda ba, saboda haka mai zuwa Sabon Gari a Kano ya tafi da tsohuwar a gwada tsawo. Ya sayi biyu, ya ɗaure ɗaya a jikin wadda ke aiki.

Sai in waya da hannu suna lafiya, kuloci kuwa yana zamewa, sa'an nan a yi zancen buɗe inji. Ko a nan ma a tambayi irin man da aka zuba. Wani man mota yana da sinadarin ƙara santsi wanda ke sa fayafayai zamewa. A nemi galan mai alamar JASO MA, wadda masu ƙera babura na Japan suka fito da ita a 1998. Samarinmu kuma su bar riƙe kuloci rabi da rabi cikin rairayi.

Ɗan'uwan nan, sau uku muka juya notin da filaya. Ya hau tudun bayan majami'a da mutum a baya, babur bai yi gardama ba. Ran Litinin ya zo makaranta ya biya kuɗin yaron.