Daga Kwalejin Shekara Biyu Zuwa Jami'a a Amurka

Kafin George Lucas ya shirya fim ɗin Star Wars, sai da ya yi karatu a Modesto Junior College, wata ƙaramar kwaleji a jihar Kalifoniya, sannan ya wuce Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Tom Hanks ma da Chabot College ya fara, kafin ya koma jami'ar jiha da ke Sakaramento.

Irin waɗannan kwalejoji na al'umma, na shekara biyu, sun daɗe a Amurka. Ta Joliet da ke jihar Ilinoi tun 1901 take koyarwa. Kusan duk wanda ya gama sakandare suna karɓarsa, kuɗinsu kuma da sauƙi: a Kalifoniya ɗan jiha yana biyan dala 46 a kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi, ko da yake baƙo daga waje yana biyan ninkin-ba-ninkin hakan. Digirin farko yakan buƙaci kiredit 120. Ɗalibi sai ya tara 60 a kwaleji, ya shiga jami'a a shekara ta uku, kamar yadda mai NCE ko difloma a Najeriya ke shiga aji biyu ta hanyar JAMB. Takardar da zai karɓa a ƙarshe iri ɗaya ce da ta wanda ya fara daga ajin farko.

To amma fa a wajen hayewar ne gizo ke saƙa. Jami'a ce ke da ta cewa kan darussan da za ta amince da su, wani lokaci ma sashen da ɗalibi zai shiga ne ke yanke hukunci. Mutum zai ci darasin lissafi da kyakkyawan sakamako, ya je a ce masa an ƙirga shi, amma bai dace da injiniyanci ba, sai ya sake. Rahoton da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar a 2017 ya kiyasta cewa masu canza makaranta suna asarar kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Ga kuɗi sun tafi, ga lokaci ya ƙure, arahar da aka bi ta koma tsada. Masu bincike a Jami'ar Kolombiya sun gano cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga waɗannan kwalejoji suna da burin digiri, amma kimanin kashi 16 ne kaɗai ke samunsa cikin shekara shida. Da yawa suna aiki ne suna karatu, wasu kuma da iyali a wuyansu.

Kalifoniya ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Dokar da ta yi a 2010 ta ba wanda ya kammala wasu tsararrun darussa tabbacin gurbi a Jami'ar Jihar Kalifoniya (CSU), sai dai ba lallai a reshen da ransa ke so ba. Rassa shida na Jami'ar Kalifoniya, wadda daban take da CSU, su ma suna ba da irin wannan tabbaci, amma ban da Berkeley, UCLA da San Diego, inda dole a yi gogayya.

Duk mai shirin tura ɗansa ta wannan hanya, ya sa shi ya zaɓi jami'a da fannin karatu tun zangon farko, ya kuma zauna da mai ba ɗalibai shawara kafin ya yi rajistar kowane darasi. A Kalifoniya, shafin intanet na ASSIST yana nuna darasin da kowace jami'ar gwamnati ke karɓa daga kowace kwaleji, kuma kyauta ake dubawa.